Kawu Ya Ce In Sauka a Tsafe

Ban samu jana'izar ba, kuma shi zan fara faɗa don yana cikin abubuwan da ke ci mini rai. Saƙon ya iske ni a jami'a a Zariya ta bakin wani direban Gusau, kafin in iso Furfuri an kwana da rufe Kawu. Na tarar da tabarmi tun daga ƙofar zaure har gindin tsamiya. Mutane sun zo daga Bungudu da Wanke, har da 'yan kasuwar hatsi na Gusau da suka rufe rumfunansu suka taho.

Kowa da irin ta'aziyyarsa. Liman ya ce ya manta rabon da ya ga an kai mutumin Furfuri gaban alƙali kan ɓarnar gona, kuma kowa ya san dalili. Wani tsoho daga Wanke ya zauna yana share ido da gefen rawani, ya ce, "Mutumen ga ya taɓa zaunar da ni tun hantsi har la'asar, ko ruwa bai ba ni ba. Allah shi jiƙan shi, mugu." Aka yi dariya. Mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa, ba ta yi kuka a gabana ba. Sai dai ta riƙa aikowa ana tambaya ko an ba baƙi ruwa, alhali an ba su sau uku.

Ni kuwa na kasa zama. In na zauna sai in miƙe, in leƙa hanyar burtali, in dawo. Har wani ya ce da na kusa da shi, yadda zan ji, wai ɗan boko ba ya iya zaman tabarma. Ba tabarma ce ta dame ni ba. Mutum ɗaya nake jira, Arɗo, aminin Kawu na shekara talatin. Ina tsoron ya zo, ina tsoron ya ƙi zuwa. Ni na raba su, kuma Kawu ya mutu ban gyara ba.

Kawu ba shi da sarauta. Manomi ne, in kaka ta yi ya kai hatsi kasuwar Gusau. Amma duk ranar da shanu suka shiga gona tsakanin Furfuri da gulbi, ƙofarsa ake zuwa. Yana da hanyarsa, kuma ba ya canja ta don kowa. Mai gona zai zo da fura, mai shanu zai zo da nono. Sai ya zaunar da su gindin tsamiya, ya shige cikin gida ya bar su. Ya yi aski, ya duba akuya, ya yi barcinsa in ya ga dama. In ya ga yunwa ta fara yi musu aiki, sai ya fito da ƙwarya da ludayi guda ɗaya, ya dama furar wannan da nonon wancan, ya ajiye a tsakiya. Wannan ya sha ya miƙa, wancan ya sha ya miƙa. Ba mai buɗe baki sai an ga gindin ƙwarya. Daga nan a tashi a je gonar a duba, a yi magana a tsaye, a watse. Na taɓa tambayarsa me ya sa ludayi ɗaya, alhali akwai su cike da kwando a ɗakin Inna, matarsa. Ya ce, "Mutum bai iya zagin wanda yanzun nan yab ba shi ludayi. Gobe ya iya, amma gobe mun gama."

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Kawu yana da taurin kai, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Yana da baƙar magana, kuma ya fi son a ce ya yi gaskiya da a ce ya kyauta. Goro kuwa, in ya ba ka ɓari ɗaya ka tabbata ya riga ya gutsuri mai kyan.

Shi da Arɗo abin kallo ne. Rugar Arɗo tana bayan gari, yana ɗan noma geronsa da damina. Da an kwashe amfanin gona sai ya kawo shanu gonar Kawu su ci kara su zuba taki har ƙarshen rani. Ba wanda ya taɓa jin sun yi ciniki a kan haka. Arɗo yana kiransa Kaɗo, shi kuma yana ce masa mai tsoron gari. Suna iya zama wuni guda a kan buzu ɗaya ba su yi magana goma ba, in za su rabu kowa ya ce ɗaya ya cika shi da surutu.

Da takardar samun gurbina a jami'a ta zo, gidanmu ya rikice. Mahaifina ya riga ya rasu, sai baffanni suka taru. Ɗaya yana son in karanci shari'a, ɗaya likitancin dabbobi, don shi ne ake ganin amfaninsa da ido. Na ce hulɗar ƙasa da ƙasa zan karanta. Aka dubi juna. Babban baffana ya ce shi dai ya san hulɗar mutum da mutum, ya san ta kasuwa, amma ƙasa ai ba ta da baki balle ta yi hulɗa. Na tashi da zafina ina bayani, na ambaci jakadu da iyakoki da yarjejeniyoyi, ba wanda ya gane, ni ma rabin abin ban gane ba a lokacin. Kawu yana gefe yana tauna goro. Sai da na gaji ya ce, "Wato in ƙasa biyu sunka yi faɗa, ku aka aikawa?" Na ce kusan haka ne. Ya ce, "To ku bar shi. Aikina ne, sai dai nashi da takalmi." Daga ranar ya sa mini suna Jakada, kuma bai sake kirana da sunan yanka ba.

Shi ya raka ni tashar jirgin ƙasa ta Gusau, ya ɗauko mini akwati a ka, na ce ya sauke mutane na kallo, ya ce su kalla. Na ji kunya ranar. Yau kuwa kunyar da na ji ita ke ba ni kunya.

Duk hutun da na dawo sai ya tsare ni da tambaya. "Jakada, mi aka koya muku can?" In gaya masa yadda manyan ƙasashe biyu suka raba duniya, kowa ya tara makamai don ɗaya ya ji tsoro. Ya ce wannan ai zaman karnuka biyu ne a kan ƙashi ɗaya. In gaya masa yadda Turawa suka zauna a ƙasarsu suka ja layi a takarda suka raba mu da 'yan'uwanmu na Maraɗi. Ya ce, "Sun taka wurin?" Na ce ba su taka ba. Ya girgiza kai. Amma tambayar da ya fi maimaitawa ita ce ko masu sulhun nan suna cin abinci tare kafin su fara. Na ce sai an sa hannu ake yin liyafa. Ya ce, "Sun juya abin." Na yi dariya, ina ganin tsoho ne da bai san duniya ba. Shekara ɗaya tak na yi a jami'a, amma ji nake in aka ba ni dama zan sasanta Gabas ta Tsakiya kafin azahar.

Damar ta zo a dogon hutun damina, shekarar da aka raba jihohi tamu ta koma Jihar Sakkwato. Kurkunu ya kama Kawu a ƙafar dama, ya kwantar da shi, ko zaure ba ya iya fitowa. A makon ne shanun Arɗo, a hanyarsu ta zuwa gulbi, suka ci dawar wani maƙwabcinmu. Gaskiyar magana kuwa maƙwabcin ne ya ci burtali da garmarsa, har hanyar ta matse. Kowa ya san haka, shi ma ya sani.

Kawu ya kira ni ɗaki. Yana naɗe tsutsar a jikin tsinke, yana cije baki. Ya ce, "Gobe za su taho. Ka zauna madadina. Ba na son ka ce komi. Ka bar su su ji yunwa, ka dama, ka miƙa. In an ga gindin ƙwarya ku tahi gona, su da kansu za su gama." Na ce to.

Na ce to, amma ban yi ba. Da sassafe na riga su zuwa gonar, na auna faɗin burtali da taki, na zana taswira. Na dawo na rubuta yarjejeniya a takardar makaranta, sharaɗi na ɗaya, na biyu, har na biyar, da abin da za a yi wa wanda ya saɓa. Wallahi na ji daɗin kaina. Da suka zo, maƙwabci da furarsa, Arɗo da goran nono rataye a sanda, na ce su ajiye tukuna, za a sha bayan an kammala. Na karanta musu. Hukuncin kuma ba laifi, don ya ba Arɗo gaskiya, ya ce a mayar da burtali yadda yake. Sannan na buɗe kwalbar tawada na ce kowa ya dangwala yatsa.

Maƙwabci ya dangwala yana gunaguni. Arɗo ya daɗe yana kallon kwalbar. Ban san cewa a duk rayuwarsa bai taɓa dangwala yatsa ba sai a gaban masu karɓar jangali, ko kuma na sani ban damu ba. Ya sa yatsan, ya danna, ya goge shi a ƙasa a hankali. Ya ce, "Shekara talatin, Kaɗo bai taɓa neman yatsana ba. Bakina yake ji." Ya ɗauki sandarsa da goransa yadda ya zo da su. Bai shiga ya duba Kawu ba.

Na shiga da takardata ina jiran yabo. Kawu ya karɓa, ya juya ta, don shi ajami yake karantawa ba boko ba. Ya ce, "Nuna min inda anka rubuta sun sha." Na ce ba su sha ba, ba a kai ga nan ba. Ya ajiye takardar a kan tabarma. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga murya a gaban mutumin da ya ɗauko mini akwati. Na ce zamani ya wuce sulhun fura, na ce haka ake yi a duk duniya, na ce gobe in maƙwabci ya sake cin burtali ga shaida. Na ce, "Kawu, takarda ba ta mantuwa."

Ya ce, "Shi ne laihinta. Ni mantuwa nika nema musu."

Ya juya fuskarsa bango.

Kafin a yanke gero Arɗo ya tashi. Ya bar geronsa a tsaye, ya ce wa maƙwabta su yanka su ci, ya kora shanunsa zuwa gefen duwatsun Tsafe. Kakar nan gonar Kawu ta kwana ba saniya ko ɗaya. Kara ya bushe a tsaye har aka sa masa wuta.

Ranar da zan koma makaranta Kawu ya fito da sanda, don ƙafar ta warke amma ta sage. Ya ce, "Motarku ta Tsafe taka bi. Ka sauka. Ka tambayi rugar, kowa ya san ta. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce ni na aiko ka, ka zauna." Na ce ai shi ya kamata ya je, abokinsa ne. Ya ce, "Zumunta a ƙafa take, Jakada, amma ƙafar wanda yaɓ ɓata. In ni nat tahi, na gaya mishi ɗana bai isa ba. Kai kuma ka tashi a haka har ka mutu."

Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Me zai ci masa in ya hau mota? Tsafe ai ba Makka ba ce. Tsofaffi biyu, kowa ya zauna a kan taurin kansa yana jiran yaro. Amma in na gama jin haushin sai in tuna cewa ni ne yaron.

Sau bakwai na wuce Tsafe. Na ƙirga. Mota tana tsayawa a tasha a sauke wasu a ɗauki wasu, matan Fulani su kewaye mu da ƙorai, ni kuwa in sunkuyar da kai cikin littafi kamar ina karatu. Karo na farko na ce ina sauri, an fara lacca. Na biyu na ce yamma ta yi. Na uku na ce bari in tsara abin da zan faɗa tukuna. Daga nan ban ma ƙara neman dalili ba. A aji kuwa ana koya mana yadda ake maido da hulɗar jakadanci in ta yanke, da matakan da ake bi, da wanda ya kamata ya fara aika saƙo. Na rubuta jarrabawa a kai na ci da kyau. Duk dawowata Kawu zai dube ni ya ce, "Ka sauka?" In ce ban samu hali ba. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi mari ciwo. Bai daina tambayata labarin ƙasashe ba, bai daina ba ni ɓarin goro ba, sai dai ya daina dariya in ya ce Jakada.

Rana ta biyu da rasuwar, Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin takaba. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta nuna mini wani faifai a rufe, ta ce in buɗe. Dunƙulen fura ne guda biyu. Ta ce, "Tun bara yas sa ni. Kullum in na yi fura in ware biyu in aje har la'asar, ko za ka taho da Arɗo. In la'asar ta yi shi ce in ba yara. Yau ma hannuna ya ware, ban sani ba." Sannan ta jawo gafakarsa ta ciro takardata, a ninke, ta ce ya ce a ba ni. Na karɓa na fita. Na zagaya bayan gida na yi kukan da ban yi a zaure ba.

Ranar sadakar uku, da hantsi, ana rabon gumba, na hango shi a bakin burtali. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, goran nono na rataye a sandarsa. Mutane suka buɗa masa. Ya yi wa liman ta'aziyya, ya yi wa baffannina, aka shafa fatiha. Sannan ya wuce gindin tsamiya ya zauna shi kaɗai, ya sauke goran a gabansa. Bai dube ni ba. Duk wanda ke wurin ya san abin da ake jira, har tsohon nan na Wanke ya zungure ni da gwiwar hannu.

Na shiga na karɓo furar a hannun Inna, da ƙwaryar Kawu da ludayinsa. Na durƙusa gaban Arɗo na dama da nononsa. Babu mai dama mana, don mai damawar ne muka zo yi wa sadaka. Ya sha ya miƙo, na sha na miƙa. Furar duk gudaji ce, ban iya ba. Ban taɓa ganin ƙwaryar da ta ƙi ƙarewa irin wannan ba.

Da aka ga gindinta ya kife ludayin. Ya ce, "Na ji ba shi da lafiya. Na yi ta duban hanya."

Sai ya dube ni.

"Ya aiko ka?"

Na ce, "Ya aiko ni, Baba."

"Yaushe?"

"Tun bara."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ni na ɗauka shi ya sa ka ka nemi yatsana. Na ɗauka ya gaji da ni."

Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Wata goma sha biyar mutumin nan yana zaune a gindin dutse yana tsammanin amininsa ne ya wulaƙanta shi, shi kuma aminin yana sa a ware fura. Abin da ke tsakaninsu bai wuce in sauko daga mota ba. Na ce masa Kawu bai san da takardar ba, shi cewa ya yi in dama in yi shiru, ni na yi gaban kaina. Na ciro ta daga aljihu na miƙa masa, na ce ya yaga ko ya ƙona, yatsansa ne.

Bai karɓa ba. Ya ce, "Mun sha. Ni na mance. Kai ka riƙe ta." Ya miƙe ya saɓa sandarsa, ya ce a gaya wa Inna shanu za su sauko gonar bana, don gonar ba ta yi masa laifi ba. Ya tambayi inda kabarin yake, ya ce ba ya son rakiya.

Ga takardar nan a gabana yanzu, a ɗakin kwanan ɗalibai, kusa da littattafan da ya kamata in karanta. Saura 'yan watanni in gama, an ce in rubuta kundi a kan rikicin iyakoki, na kasa haɗa shafi biyu. Na tashi na zauna ya fi sau goma kafin in kai nan. Ban bar karatuna ba kuma ba zan bari ba, Kawu ne ya tsaya mini a kai. Amma ina so in an ambaci masu sulhu a tuna akwai wani a Furfuri da bai taɓa riƙe alƙalami a kan rigimar mutane ba, kuma ba a taɓa dawo masa da shari'a ba.

A hanyata ta dawowa Zariya mota ta tsaya a Tsafe kamar kullum. Na sauka. Na tsaya a tasha da jakata a hannu, matan nono suna tambayata ko zan saya. Arɗo yana can Furfuri, kuma ba wanda ya aiko ni. Direba ya yi ta hon har ya gaji, ya leƙo ya ce, "Malam, nan za ka tsaya?" Na ce a'a, na koma na zauna.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa taurin kansa, Ka shayar da shi yadda ya shayar da masu faɗa. Ni kuma Ka ba ni ƙafar zuwa inda aka aike ni tun mai aiken yana raye.